Ummi, Kafin Su Miƙa Miki Bindiga

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Ummi, uwata ta kaina.

Bayan gaisuwa da addu'a, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya. Allah ya tsare ki gaba da baya, ya sa ki fita gidan nan lafiya ki shiga Birmingham lafiya, ya haɗa ki da maƙwabta na gari da abokan aiki masu tsoronsa. Na san abin mamaki ne uba ya rubuta wa 'yarsa takarda alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nata. To, bakina ya riga ya yi ɓarna, shi ya sa na koma ga hannu.

Da gangan na rubuta da Hausa. Turanci kina haɗiye shi ba tauna, Hausa kuwa dole ki tsaya ki bi ta a hankali, abin da nake so ke nan. In wata kalma ta shige miki duhu ki tambayi mamanki, kada ki tambayi waya.

Har yanzu ban dawo daidai ba tun ranar da kika kai mu cin abinci Wilmslow Road. Da kika ce ke za ki biya, ni da mamanki muka kalli juna, mun ɗauka zancen miji za ki kawo mana. Har ta fara gyara mayafi tana murmushi. Sai kika ajiye cokali kika ce an ba ki transfer zuwa Birmingham, kuma ba irin aikin 'yan sandan da kika saba za ki ci gaba da yi ba, sashen masu riƙe bindiga ne suka ɗauke ki, horo kuma ya kusa farawa.

Wallahi Ummi, bas-bas suna ta wucewa a waje, amma kunnena ya daina jinsu. Na ce, "Bindiga? Wace irin bindiga?"

Kika ce, "Fistol ce, Baba, sai kuma babba da ke zama a mota. Amma ba irin taku ta da ba ce. Ta yanzu rabinta roba ce, ba nauyi ko kaɗan, an ce har mantawa mutum yake tana jikinsa."

Wannan "har mantawa" ɗin shi ya kashe mini jiki. Kin ji abin da na mayar miki a gaban ƙanenki Faruk da mutanen teburin kusa: na tsallako teku da ke kina goye don in raba ki da wannan abu, ke kuma kin bi shi har gidansa kina ƙwanƙwasa masa ƙofa. Na tashi na bar ku, na tako da ƙafa har unguwarmu Ardwick cikin yayyafi. Tun ranar muna wuce juna a matattakala kamar 'yan haya. Ban kyauta ba. Zan zo kan wannan, amma bari in fara gaya miki abin da na sani game da fistol, tunda shi ne ilimi ɗaya da nake da shi wanda ban taɓa ba ki ba.

Kin san na yi aikin soja a sashen injiniyoyi kafin in zo karatu nan. Lokacin da na zama ƙaramin hafsa aka kai mu ma'ajiyar makamai, akwai ƙananan fistol masu sauƙin ɗauka, akwai kuma wata babba, ƙarfe zalla tun daga baki har mariƙi, ba roba ko ta magani in ban da ɓawon mariƙin. Ita na nuna. Ban nuna ta don na san amfaninta ba, na nuna ta ne don na ga wani babban hafsa yana rataye da irinta, tana cika masa ƙugu, in ya shigo wuri kowa ya gyara tsayuwa. Kuskurena na farko ke nan, na zaɓi makami kamar mai zaɓen hula. Ke kuwa duk abin da za su ba ki, kada ki tsaya gaban madubi da shi. Ranar da kika ji kina son a gan ki da bindiga, ranar ki fara tsoron kanki.

Ba zan ɓata ta don ina jin haushi ba, gaskiya ɗaya ce. Bindiga ce mai kyau. Kowace bindiga in ta tashi tana turo hannu baya, bakinta ya ɗaga sama. Wannan kuwa nauyinta ke shanye turin, sai ki ji ta ɗan zabura ta koma inda take, kamar babban sa da ƙuda ya taɓa. Hancinta dogo ne, don haka saiti ba ya wahala. Mariƙinta na cika tafin hannu, gidan harsashinta na ɗaukar da yawa. Ta sha faɗuwa a kan siminti ba ta ko nuna ba. Wadda aka ba ni ta girme ni a aiki, na kuma tabbata bayan na tafi ta ci gaba da hannun wani. Sannan irin wadda ke ɗora wa kanta harsashi ce: kina jan kunama harsashi ɗaya ya fita, kafin ki ƙifta ido ta tofar da kwanson ta ɗora wani, tana jira. Ba ta tambayar ko kin sake shawara.

Da ita na zama gwani a filin harbi. Har ta kai in za a yi gasa tsakanin hafsoshi, sunana ake fara kira. Kaina ya kumbura. Na ɗauka wanda ya iya saiti ya iya riƙe bindiga, ashe hanyar jirgi daban, ta mota daban. Na san ki, duk abin da kika sa a gaba sai kin fi kowa, tun kina firamare haka kike. Za su yaba miki a wurin horo. Ki ce kin gode, ki bar yabon a can, kada ki shigo da shi mota.

Aibinta na farko shi ne abin da ya sa take da daɗin harbi, wato nauyin. A hannu na ɗan lokaci alheri ne, a ƙugu tun safe har yamma azaba ce. Tana jan bel ƙasa, tana goge ƙashin ƙugu har ya yi kanta, in ka zauna a jif ta tokare maka haƙarƙari. Ba ta ɓuya a ƙarƙashin riga, kowa ya san kana tafe da ita. Sai na ɗauki wata muguwar ɗabi'a: duk inda na zauna sai in zare ta in ajiye a gefe, in huta.

Kin san Baffa Kabiru yana ɗingishi, kin kuma san bindigata ce, don shi da kansa yake ba ku labarin yana dariya duk lokacin da muka je Kano. Dariyar tasa ce, yana da ikon yin ta. Ni ga yadda na gani.

Aiki ya biyo da ni ta Kano da rana tsaka, na ce bari in leƙa in gaida Hajiya, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Doka ba ta ba ni damar shiga gida da makami ba, na shiga. Ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta hau dama fura. Na zare bindigar, na cire gidan harsashin na sa a aljihu, ita kuma na ɗora ta a kan rediyon Hajiya. A raina na ce ai na kwashe. Na manta da safe na ɗana ta a kan hanya, akwai guda ɗaya da ya riga ya hau, yana zaune a maƙogwaronta. Cire gidan harsashi ba ya fitar da wannan. Na sani, an koya mini, ni ma na koya wa wasu.

Na ɗauki buta na tafi alwala. Kabiru a lokacin saurayi ne cikakke, yana karatun fasaha, yana buga wa unguwarmu ƙwallo, har ana zancen wata ƙungiya ta gari za ta ɗauke shi. Ya shigo ya gan ta, ya juya ta, ya ga ramin gidan harsashi fayau. Ya soke ta a ƙugun wando yana kwaikwayon tafiyata don ya ba Hajiya dariya. Da ya zo zaro ta, yatsansa na kan kunama.

Na wanke ƙafar dama, ban wanke ta hagu ba. Ƙarar ta daki bangon gidan ta dawo, tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Da na fito, Kabiru na zaune a ƙasa yana kallon cinyarsa da mamaki, bai ma fara jin zafi ba. Harsashin ya shiga ta sama ya sauka har gwiwa. Jini na bin saƙar tabarma. Hajiya ba ta yi ihu ba. Tana tsaye da ludayi a hannu, fura na ɗiga.

Kabiru ya ɗago ya ce, "Yaya, ai babu komai a ciki."

Na ɗaure cinyar da bel ɗina, na saɓe shi a kafaɗa. A asibiti, bayan likita ya ce zai rayu amma gwiwar ba za ta koma ba, Hajiya ta dube ni ta ce, "Shi yaro ne a wurin wannan abin. Kai ka kawo ta gidana." Ba ta sake tada maganar ba har ta koma ga Allah. Kabiru bai sake taka ƙwallo ba.

Don haka Ummi, babu wata aba wai ita bindigar da babu komai a ciki. Ko ke kika kwashe da hannunki, ki buɗe ki duba da ido, ki sake dubawa. Ko malaminku ne ya miƙo miki ya ce ya duba, ki duba, in ya ji haushi ya ji. Kada ki ajiye ta ko'ina sai inda doka ta ce, ko da na shan ruwa ne. Ni tawa nauyi ya sa na riƙa sauke ta. Taki kin ce ba ta da nauyi, har a manta da ita. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Wanda ƙugunsa ke ciwo aƙalla ya san abin da yake ɗauke da shi. Ke babu abin da zai tuna miki, sai ke ki tuna wa kanki.

Aibinta na biyu tsatsa. Ƙarfe ne, ruwa da gumi abokan gabansa ne. An tura mu kudu gyaran wata gada a bakin kogi da damina, inda riga ba ta bushewa a jiki. Bayan abin da ya sami Kabiru na tsani ganinta, sai na daina kula da ita. Na bar ta a kubenta na fata, fatar na shan gumi, ba gogewa, ba mai. Na ce ai ƙarfe ne, me zai same ta.

Wata rana da hantsi mahaukacin kare ya faɗo sansaninmu, yawu na zuba, ya nufi rumfar wata mata da ke sayar wa leburorinmu abinci. Kowa ya watse, aka bar ni, ni mai bindiga, ni gwanin gasa. Na zaro da ƙyar don ta manne a kube. Na harba ɗaya na kuskure, don kare ba ya tsayawa a yi saiti. Na sake ja, shiru. Kwanson farko ya maƙale a bakin fita, saman bindigar ya cije, ja gaba ya ƙi, ja baya ya ƙi. Ina tsaye ina kokawa da ƙarfe karen ya kama matar a ƙauri. Wani lebura ne ya gama da shi da shebur. Matar ta sha allurai, Allah ya yi da sauran kwananta. Da na kwance bindigar da yamma, cikinta ja wur kamar an zuba barkono.

Kin ce taku roba ce. To, cikinta ƙarfe ne, ƙasar nan kuma kin san ruwanta. Ki goge kayan aikinki da hannunki, ko kin gaji, ko kin tsane su a ranar. Mutane za su ɓuya a bayanki saboda sun ga abin da ke ƙugunki. In abin ba ya aiki, kin yaudare su.

Na uku shi ne wanda ban taɓa ba kowa labarinsa ba sai mamanki, kuma shi ya fitar da ni daga aikin.

Mun rufe wata hanya a arewa muna gyaran kwalbati, aka sa shinge. Ranar da safe shugabana ya wanke ni tas a gaban yarana kan laifin da ba nawa ba. Ban karya ba, rana ta take, zuciyata na tafasa. Sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ɗauke da awaki, aka ɗaga mata hannu ba ta tsaya ba, sai da ta ture gangar shingen sannan ta ja ta tsaya. Daga baya muka gane birki ne ba ta da shi. A lokacin ni raini na gani. Wani dattijo ya fito daga gaba, babbar riga duk ƙura, ya nufo ni da sauri yana magana, ya cusa hannu cikin aljihun gaba.

Ban san lokacin da na zaro ba. Na ɗana, na cire makulli, na saita ƙirjinsa, yatsana ya shiga ya fara matsa kunama. Ummi, a nan ne duk alherin wannan bindiga ya zama abin tsoro. Nauyinta ya zaunar da hannuna, ko rawa ba ya yi. Ina ganin maɓallin rigarsa ta ciki a kan saiti sarai. Da ta tashi, wallahi ba zan kuskure ba. Kuma irinta in an ɗana, kunamar ba ta son komai sai ɗan taɓi.

Hannunsa ya fito. Goro ne, fari, guda biyu a cikin ganye.

Ya tsaya cak, ya dubi bakin bindigar, ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, goro ne. Haƙuri na zo ba ka."

Goron ya zube ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya zauna daɓas a kan titi. Sa'an mahaifina ne. Kin san abin da na yi? Maimakon in ɗaga shi in roƙi gafara, tsawa na daka masa. Na zage shi, na ce ya kusa kashe kansa, na kore su. Kunya ce ta fito da rigar faɗa. Direban ya kama shi ya sa a mota suka tafi, ban san sunansa ba, ban san garinsu ba, ba ni da inda zan kai haƙurin. Sai da suka ɓace sannan na mayar da bindigar kube.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Kada ki ɗauki makami da fushin wani a cikinki. In kin tashi zuciyarki ba daidai ba, ko faɗa kika yi da wani, ko ba ki yi barci ba, ki je ki gaya wa shugabanki yau ba ki dace da riƙe ta ba. An ce mini a nan ana yarda da haka, ba a ɗaukarsa gazawa. Ko ana ɗauka, ki faɗa. Na biyu, in kin tsorata mutumin da bai yi komai ba, kuma za ki yi, aikin ya gaji haka, ki sauke murya ki ba shi haƙuri tun yana gabanki. Kada ki bari ya tafi.

Bayan wannan na ajiye aiki, na nemi karatu, muka taho. Da na ga 'yan sandan ƙasar nan suna yawo ba bindiga, sai sanda da rediyo, na ce alhamdulillahi, na kawo 'ya'yana inda ya dace. Na hana Faruk ko bindigar ruwa. In fim ya kai wurin harbi in canza tasha. Na ɗauka hani shi ne tarbiyya, ban taɓa zaunar da ku na ce ga dalili ba. Ko lokacin da kika gama jami'a kika ce aikin ɗan sanda za ki shiga, mutanenmu a masallaci suna ta gutsiri-tsoma, 'yar injiniya da likitoci a dangi ta ƙare a yawon titi, da abu ɗaya na riƙa rufe musu baki: ai na nan ba sa riƙe makami. Kin ga ashe ba ke nake karewa ba, kwanciyar hankalina nake karewa.

Shekaranjiya mamanki ta zaunar da ni a kicin, ta rufe ƙofa. Ta ce, "Baban Ummi, ka tambaye ta dalili kuwa?"

Na ce, "Wane dalili ne zai sa 'ya mace ta nemi bindiga?"

Ta ce, "Ka tuna lokacin sanyin bara, da ta dawo daga shift ta kwana biyu ba ta ci abinci ba?"

Na ce na ɗauka mura ce.

Sai ta ba ni labarin. Yadda aka rage muku ma'aikata har kika koma sintiri ke kaɗai a inda da ku biyu ne. Yadda aka kira ki wani bene, wani mutum ya harbi matarsa, ta rarrafo har matattakala, shi kuma yana ciki da bindigar. Yadda aka ba ki umarni ta rediyo kada ki shiga, ki jira masu makami, su kuma suna can wani gefen gari a kan wani kiran. Kina bayan bango, tana jin motsinki, tana kiranki, kina ce mata ta yi haƙuri suna zuwa. Kina ta yi mata magana har ta daina amsawa.

Ummi, na riƙe bakin tebur. Na ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Mamanki ta ce, "Ta gaya maka. Ta tsaya a ƙofar falo ta ce Baba yau wata mata ta mutu a gabana. Kana kallon labarai, ana zancen rage ma'aikatan ƙaramar hukuma, ka ce mata sannu, Allah ya ji ƙanta, ba ka ko juyo ba."

Na yi ta lalube a kaina, na kuwa tuna. Lokacin ne ake ta sallamar mutane a ofishinmu, kullum ina jiran a kira sunana, ban ganin kowa a gidan nan sai kaina. 'Yata ta zo da gawa a zuciyarta, na ce mata sannu. Duk kurakuran da na lissafa miki a sama na yi su da ƙuruciya. Wannan da furfurata na yi shi, kuma ya fi ba ni mamaki. Ki yafe mini. Ki yafe mini kuma maganar da na yi a gidan abinci. Ba ki bi bindiga gidanta ba, ita ta same ki a bakin aiki kina hannu rabbana.

Ba zan yi miki ƙarya in ce hankalina ya kwanta ba. Bai kwanta ba, ba na jin zai kwanta. Amma ga abin da ya rage in faɗa.

Na ji daɗi da kika ce a unguwar Ladywood za ki zauna, flat ɗaya da Dakta Hadiza 'yar aminina. Ki riƙe ta, ku riƙa cin abinci tare ko sau ɗaya a rana. Ki yi rajista da likitan unguwa, GP, tun makon farko, kada ki jira ciwo. Ba kowa za ki gaya wa sashen da kike ba, har cikin mutanenmu. Masu surutu a nan ki bar ni da su, ni zan amsa, kuma wannan karon da gaskiya zan amsa.

Samarin da za ki tarar a tsaye a gindin benaye, hula a ka, hannu a aljihu, ki tuna a can ma an rufe musu wuraren wasa da ɗakunan karatu kamar yadda aka rufe na unguwarmu. Da yawansu ba su da wurin zuwa ne kawai. Kamarsu ɗaya da Faruk in ya fito daga jami'a da yamma. Hannu a aljihu sau da yawa sanyi ne. Wani lokaci kuma ba sanyi ba ne, na sani, shi ya sa ba zan ce ki yi sakaci ba. Ki bi abin da aka koya miki, ki tsaya inda aka ce ki tsaya, ki sa rigar kariya ko tana takura miki. Bakinki ya riga hannunki, ki yi magana, ki sake yin magana. Kin iya, wannan matar ta tafi tana jin muryar mutum a kusa da ita saboda ke.

Kada ki bar salla ta kuɓuce miki saboda shift, ki rama da zarar kin samu sarari. Ki yi addu'ar fita gida kullum, ko kin makara.

In kuma ranar da nake tsoro ta zo, Allah ya kiyaye, kika harba, ko daidai ne ko kuskure, kada ki yi irin tawa. Ki faɗi gaskiya ga masu bincike yadda ta faru, ba ƙari ba ragi. Sannan ki kira ni. Ko ina tsakiyar aiki ne, ko ina gaban shugabana, zan ajiye in saurare ki har ki gama, in kuma hau mota in taho.

Mamanki ta ce kin sayi tikitin babbar bas na ranar Asabar don kada ki dame ni. Ki mayar musu. Na kai mota an duba taya da birki, na kwashe tarkacena daga but. Ni zan kai ki, ni zan hau miki da akwatuna, in ga ƙofar da makullinta da idona. Mamanki za ta zauna a baya da tukwanen da ta ɗaure miki, ke ki zauna gaba kusa da ni. In kina so ki ba ni labarin matar nan tun daga farko, hanya tana da tsawo, rediyo kuma a kashe zai kasance.

Na yarda ki tafi, Ummi. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da duniya lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin ƙarfe, na hannunki da na hannun wani. Ya ba ki ido mai gani da zuciya mai sanyi a lokacin da kowa ya ruɗe. Ya sa hannunki ya tsufa bai ɗauki ran kowa ba, ya dawo mana da ke ƙofar gidan nan da ƙafafunki, kina sallama da muryarki.

Wassalam.

Naki,
Babanki